BABI NA HUƊU: KUNTIGI A HANNUN ƊAN MARAYA JOS

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin kayan kiɗan Hausa masu tsirkiya, wato goge da kukuma da garaya da molo da gurmi da kuntigi, an kuma nuna irin mutanen da ake yi wa kowane ɗaya daga cikinsu. A wannan babi za a tsaya a kan mutum guda, Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, domin a dubi rayuwarsa da sana'arsa ta fuskar da ba a cika dubawa ba, wato fuskar hannunsa. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, kuntigi yana da rabo babba a cikin ma'anar waƙoƙin wannan makaɗi, har ma da irin mutanen da ya zaɓa ya yi wa waƙa. Duk nazarin da ya kwashe kalmominsa ya zuba a takarda, ya bar kuntigin a waje, to rabin aikin mutumin ya nazarta.

Masana sun yi mana tanadi mai yawa wajen feɗe waƙar baka. Littafin Sa'idu Muhammad Gusau na 1993, Jagoran Nazarin Waƙar Baka, ya shimfiɗa hanyar duba turke da awon baka da salo, kuma da wuya a sami ɗalibin wannan fanni da bai bi ta kansa ba. Amma idan aka zo kan abin da yatsun makaɗi suke yi, sai a ga kundaye da dama sun wuce da jimla ɗaya, cewa wane yana amfani da kuntigi ko gurmi. Saboda haka aka ga ya dace a aro ma'auni daga wani wuri da aka daɗe ana auna makaɗi da hannunsa, wato kiɗan jaz na Amurka, musamman makaɗan jita na zamani. Ba a yi wannan aro don a ce Ɗan Maraya ɗan jaz ne ba. An yi shi ne don a sami tambayoyin da za a yi wa kiɗansa.

4.1 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Adamu Wayya a garin Bukuru, kusa da Jos, a shekarar 1946. Mahaifinsa makaɗi ne a gidan Sarkin Hausawan Bukuru, kuma ya rasu ba da jimawa ba bayan haihuwar Adamu. Mahaifiyarsa ita ma ta bi baya tun yana ƙarami, sai Sarkin Hausawan ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan laƙabin Ɗan Maraya ya samo asali, ya kuma danne sunan yanka har ƙarshen rayuwarsa. Tun yana yaro ya yi wata tafiya zuwa Maiduguri, inda ya ga makaɗa suka burge shi, ya harhaɗa kuntiginsa da kansa. Da wannan ɗan abu ya yi sana'a shekara fiye da hamsin, ya zagaya ƙasashen waje da dama, ya sami lambobin girma na ƙasa, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015.

Abin lura a wannan tarihi shi ne garin da ya tashi. Bukuru ba tsohon birnin sarauta ba ne irin Katsina ko Zazzau. Garin bariki ne da haƙar kuza ta tara, kuma Hausawan cikinsa baƙi ne da 'ya'yan baƙi: leburori da direbobi da masu sayar da abinci da 'yan cin rani. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa Bukuru a 1914, layin Zariya zuwa Funtua da Gusau da Ƙaura Namoda kuma aka kammala shi a 1929. Ke nan a shekarun da suka biyo baya, saurayin da ya gama cirar auduga a ƙauyukan Bakori ko Ƙafur yana iya shiga jirgi a Funtua, ya sauka Zariya ya sake wani, ya tsinci kansa a ramin kuza kafin damina ta dawo. A cikin irin waɗannan mutane Ɗan Maraya ya buɗe ido, su ne kuma masu sauraronsa na farko.

Ta fuskar koyo, tarihinsa ya yi kama da na Wes Montgomery, wanda ake lissafawa cikin manyan makaɗan jita na jaz. An haifi Montgomery a Indiyanapolis a 1923, shekarar da aka haifi Mamman Shata a Musawa. Bai shiga makarantar kiɗa ba, bai kuma dogara da rubutattun alamomin kiɗa na Turawa ba. Fayafayan wani makaɗi mai suna Charlie Christian ya riƙa sa wa kunne yana kwaikwayo, da rana yana aikin walda, da dare yana kiɗa a gidajen rawa. Har salon da ya yi suna da shi, wato kaɗa tsirkiya da naman babban yatsa maimakon ɗan abin kaɗawa na roba, ya samo shi ne saboda gudun damun mutane idan yana koyo cikin dare. Su duka biyun kunne ne malaminsu, kuma halin da suka sami kansu a ciki shi ya tsara musu salo.

4.2 Tsirkiya Ɗaya da Tsirkiya Shida

Kuntigi ɗan ƙaramin abu ne. A da ƙoƙo ake rufewa da fata a soka masa sanda, daga baya aka koma amfani da gwangwanin kifi mai siffar ƙwai a rufe shi da fatar akuya. Tsirkiyarsa ɗaya ce tak, muryarsa siririya ce mai kaifi. Ames da King sun kawo shi cikin jerin kayan kiɗan Hausa a littafinsu na 1971. Ita kuwa jita tsirkiya shida gare ta, kuma mai kaɗa ta yana iya danna uku ko huɗu a bugu ɗaya su ba da dunƙulen sauti. A kan irin wannan dunƙulen sauti aka gina kiɗan jaz gaba ɗayansa. Idan aka tsaya a nan, sai a ce babu abin da ya haɗa kayan biyu.

Amma tarihin jita a cikin jaz ya nuna wani abu daban. Bayan da wannan kiɗa ya taso a birnin Niyu Olins a farkon ƙarni na ashirin, an yi zamanin da banjo ne abin kiɗa mai tsirkiya da aka fi ji a cikinsa. Shi kuwa banjo bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙirƙiro shi a can, da ƙwarya da fata da sanda, kuma masana suna danganta shi da dangin kayan kiɗan da molo da gurmi da garaya suke ciki. Daga baya jita ta ture banjo, amma ta daɗe a bayan fage tana riƙe wa masu busa lokaci, domin muryarta ba ta iya keta ƙarar ƙahoni. A 1939, da Charlie Christian ya shiga ƙungiyar Benny Goodman da jita mai aiki da lantarki, aka ji jita ta fito gaba tana jan kiɗa. Abin da Christian ya yi shi ne ya riƙa fitar da sauti ɗaya bayan ɗaya a jere, kamar yadda mai busa ko mai magana yake yi. Wato jita ba ta zama jagora ba sai da ta koyi magana da baki ɗaya, abin da kuntigi bai taɓa sanin wani ba sai shi.

Akwai kuma misalin Django Reinhardt, wanda ya yi zamaninsa a Faransa. Gobara ta ƙone masa hannun hagu a 1928 har yatsu biyu suka daina aiki, amma da sauran biyun ya gina salon da har yau ake koyi da shi. Manazartan jaz ba su ɗauki wannan a matsayin abin tausayi kawai ba, sun tambayi abin da ƙarancin yatsu ya tilasta masa ya gano. Irin wannan tambaya ce ta dace da Ɗan Maraya: me tsirkiya ɗaya ta tilasta masa ya gano?

4.3 Aikin da Kuntigi Yake Yi a Cikin Waƙa

Hanya mafi sauƙi ta amsa wannan tambaya ita ce a ajiye shi kusa da Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi zama a Bakori kafin ya kafa gidansa a Funtua, kuma mutanen wannan yanki ba su da ma'aunin makaɗi da ya wuce shi. Shata makaɗin ƙungiya ne. Shi ne jagora, a bayansa akwai makaɗan kalangu da 'yan amshi, a gefe kuma akwai maroƙa masu zuga. Idan ya kai ƙarshen ɗan waƙa, 'yan amshi suna karɓa da gindin waƙa. Wannan amshi yana yin ayyuka da yawa a lokaci guda. Yana tuna wa mai sauraro wanda ake wa waƙar, yana riƙe rauji kada ya zame, sannan yana ba jagora damar jan numfashi da shirya ɗan da zai biyo baya. Shaharar da Shata ya yi wajen ƙulla waƙa nan take ba za ta rabu da wannan 'yar tazara da amshi yake ba shi ba.

Ɗan Maraya makaɗin kaɗaita ne. Ba shi da ɗan amshi, ba shi da mai kalangu, ba shi da sanƙira. Duk ayyukan da mutane da yawa suke yi wa Shata, tsirkiya ɗaya ce take yi masa su. Kafin ya buɗe baki, kuntigi ne yake fara shimfiɗa rauji, ya maimaita shi har ya zauna a kunnen mai sauraro. Idan murya ta shigo, kuntigin ba ya yin shiru, sai dai ya koma ƙarƙashi yana tafe da sauri kamar ƙafar mai keken ɗinki. Idan murya ta kai gaɓa ta tsaya, sai ya ɗago kai ya cike gurbin. A wannan gurbi ne yake zama ɗan amshi. Mai sauraro ba ya jin an bar shi a sarari, shi kuma makaɗin ya sami tazarar da Shata yake samu daga yaransa.

A nan ne matsalar rubuta waƙoƙinsa take. Idan aka juye waƙar Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo a takarda, nauyin kalmomin da kirarin da ke ciki suna iya tsayawa da ƙafarsu. Idan aka juye ta Ɗan Maraya, sai a ga gajerun layuka da Hausar bakin tasha, wadda ba ta da wuyar fahimta ko ga wanda ya koyi Hausa a bariki. Daga nan wasu suke yanke hukuncin cewa ba shi da zurfin azanci, wai faɗakarwa ce kawai cikin sauƙin harshe. A ra'ayin mai wannan nazari, an yi wannan hukunci ne a kan gawar waƙar. Farin wurin da ake gani tsakanin layi da layi a takarda, a cikin kaset cike yake da kiɗa, kuma sau da yawa a nan ne dariya ko zafin maganar da ta gabata yake sauka.

Waƙar Gulma-Wuya ta fi kowace fito da wannan a fili. Labari ne na magulmaciya da take haɗa baki da boka domin ta raba mata da mazajensu, kuma Ɗan Maraya ya tsara shi kamar wasan kwaikwayo, yana sauya murya daga wannan mai magana zuwa wancan. Mutum ɗaya ne yake ɗauke da bakin mutane da yawa, ba dandali, ba sutura, ba fuskar da za a gani, tun da yawancin masu sauraro ta rediyo da kaset suka san waƙar. To me yake hana a ruɗe? Sauyin murya yana taimakawa, amma kuntigi ne yake zama labule. Shi yake rufe bakin wannan, ya buɗe na wancan, kuma da yake raujinsa ba ya sauyawa, shi yake tabbatar wa kunne cewa har yanzu a cikin waƙa ɗaya ake, ba hira aka koma ba. Idan aka cire shi, abin da zai rage tatsuniya ce. Wanda ya nazarci wannan waƙa a ƙarƙashin kanun zambo ko habaici kaɗai bai taɓo dabarar da ta sa take aiki ba.

Wani abu kuma shi ne dangantakar kuntigi da karin sautin Hausa. Wuyan jita yana da ƙananan ƙarafa a gicciye waɗanda suka yanka sauti gida-gida, shi ya sa makaɗan jaz da na bulus suke tura tsirkiya gefe da yatsa don su sami sautin da yake tsakanin gida da gida, wanda ya fi kama da muryar mutum. Sandar kuntigi ba ta da waɗannan ƙarafa. Yatsa yana iya zamewa sama ko ƙasa yadda ya ga dama, kamar yadda mai kalangu yake matse shi a hammata ya sassauta don ya bi hawa da saukar magana. Saboda haka kuntigi yana iya bin sawun jimlar da aka rera ya maimaita siffarta ba tare da kalma ba. Bahaushen da ya saba jin takensa a bakin ganga ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan.

Sai dai dole a faɗi inda aron ma'aunin ya tsaya. A jaz, ƙirƙirar nan take a cikin sauti take. Montgomery yakan fara da rauji sananne, sannan ya bar shi ya shiga gina sabo a kan dunƙulen sautin da ke ƙarƙashinsa, ya daɗe yana yawo kafin ya dawo gida, kuma babu kalma ko ɗaya a ciki. Ɗan Maraya ba ya yin haka. Raujinsa gajere ne, yana juyawa a wuri ɗaya, sauye-sauyen da yake yi masa ƙanana ne, kuma ƙirƙirarsa ta fi yawa a baki. Mai sauraron Hausa ma da wuya ya zauna wa kiɗa tsura na tsawon lokaci in ba rawa ake yi ba, zai tambaya me aka ce. Ta wannan fuska ya fi kusa da makaɗan bulus, irin su B.B. King, wanda yakan rera layi sannan ya bar jitarsa ta ba shi amsa. King ya rasu a watan Mayu na 2015, makonni kaɗan kafin Ɗan Maraya.

4.4 Kuntigi da Zaɓin Wanda Za a Wasa

Funtua mahaɗar hanyoyi ce. Ta nan hanyar Zariya zuwa Gusau da Sakkwato ta bi, daga nan ake ɗaukar ta Bakori da Malumfashi zuwa Katsina, daga nan kuma ake gangarawa Birnin Gwari a nufi Kudu. Tun zamanin da injinan gurzar auduga na Funtua da Malumfashi suke aiki ba dare ba rana, har zuwa lokacin da masara da dawa da waken soya suka karɓe kasuwa, arzikin wannan yanki a bayan babbar mota yake fita. Duk buhun da ya tashi daga kasuwar Dandume ko ta Bakori, da duk kwandon tumatirin Danja, sai ya bi ta hannun wani yaro da ba a san sunansa ba. Shi yake ɗaure kaya, shi yake sa wa taya waigi a gangare, shi yake kwance ta idan ta fashe, shi yake kwana a ƙarƙashin mota yana gadi yayin da direba yake masauki. Masu ladabi suna ce masa yaron mota, sauran jama'a kuwa karen mota.

Wannan yaro Ɗan Maraya ya ɗauka ya yi wa waƙa, kuma Waƙar Karen Mota tana cikin waɗanda suka fara fito da sunansa. Ba sai an faɗi irin karɓuwar da waƙa irin wannan za ta samu a gari kamar Funtua ba, inda kusan kowace unguwa tana da wanda ya fara daga bayan mota kafin ya kama sitiyari. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne yadda ta juya al'adar yabo. M.G. Smith, a maƙalarsa ta 1957 a kan roƙo a ƙasar Hausa, ya nuna cewa yabon maroƙa yana tafiya ne tare da matsayi, yana kuma ƙara tabbatar da shi. Yabo sama yake hawa, kyauta ta gangaro ƙasa. Ɗan Maraya ya ɗauki sunan da ake kiran mutum da shi don raini, ya sa shi a gurbin da ake sa sunan basarake.

Manazarta sukan danganta wannan da maraicinsa, a ce wanda ya ɗanɗani rashi shi yake tuna na ƙasa. Ba a musun haka, amma akwai dalili na sana'a wanda ya fi wannan ƙarfi, kuma a jikin kuntigi yake. Makaɗin ƙungiya yana da bakuna da yawa da zai ciyar. Makaɗa da 'yan amshi da maroƙa da direban da zai kwashe su, kowa yana da iyali, kowa yana jiran kasonsa. Irin wannan ƙungiya ba ta rayuwa sai da sarki ko attajiri ko ɗan siyasa mai kyautar doki ko mota ko kujerar Makka. Shata ya yi wa mutane iri-iri waƙa, manya da ƙanana, amma ƙungiyarsa ba za ta iya dogara da sulallan 'yan tasha ba. Shi kuwa mai gwangwanin kifi da tsirkiya ɗaya, kayan aikinsa a aljihun riga suke shiga, ba ya raba abin da ya samu da kowa, ko da tsirkiya ta tsinke abin da zai kashe bai taka kara ya karya ba. Arhar kayan kiɗan ita ta ba shi 'yancin ya yi wa wanda ba shi da abin bayarwa waƙa. Daga baya gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da fayafayai da kaset suka kai muryarsa inda ƙafarsa ba ta taka ba, suka kuma sa ya iya yin waƙoƙi irin su Mai Akwai da Babu da Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali, waɗanda babu wani ubangida da aka yi dominsa.

4.5 Inda Hannun Ya Yi Sanyi

Ba duk waƙoƙinsa ne suka kai wannan matsayi ba, kuma girman sunansa bai kamata ya hana a faɗa ba. Inda Ɗan Maraya ya fi ƙarfi shi ne inda yake da labari da mutane masu magana. Inda ya koma jera nasiha kai tsaye, kamar a wasu sassa na Jawabin Aure da waƙoƙinsa na wayar da kai da kiran zaman lafiya, sai kuntigi ya rasa abin da zai amsa. Nasiha ba ta barin gurbi, tana bin juna ne kamar wa'azi, shi kuma kiɗan ya koma mai riƙe lokaci kawai, irin matsayin da jita take da shi kafin zuwan Christian. Wanda ya saurari irin waɗannan waƙoƙi guda huɗu ko biyar a jere zai ji sun fara kama da juna, abin da ba ya faruwa da Gulma-Wuya ko sau nawa aka maimaita ta. Abin mamaki shi ne waɗannan masu raunin su ne aka fi kawowa a kundaye, saboda turkensu a fili yake, yana da sauƙin cirewa a sa masa kanu.

Waƙoƙin da ya yi wa sojojin tarayya a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suna da zafi da hotuna masu rai na fagen fama, amma waƙoƙin ɓangare ɗaya ne, kuma su suka fara kusantar da shi ga hukuma. Makaɗin da kuntigi ya 'yantar daga ubangida sai ga shi ya zama wanda ake gayyata a manyan tarukan gwamnati. Montgomery ma ya gamu da irin wannan a ƙarshen rayuwarsa. Kafin rasuwarsa a 1968 ya koma yin fayafayai na sanannun waƙoƙin kasuwa tare da babbar ƙungiyar makaɗa, aka saye su sosai, manazarta kuma suka yi ta kukan cewa an daina jin abin da ya sa aka san shi. Mutum mai iyali ba a zarginsa don ya nemi abinci, sai dai aikin mai nazari ne ya bambance faifan da aka yi don ciki da wanda hannu ya yi magana a cikinsa.

Haka kuma ana iya tuhumar Gulma-Wuya da cewa ta ɗora laifin mutuwar aure a kan mace da boka. Waƙar Auren Dole ta rage nauyin wannan tuhuma, domin a cikinta ya tsaya ne a bayan yarinyar da iyaye suke yi wa zaɓi ba da sonta ba.

4.6 Batun Magada

A ƙasar Mali, Ali Farka Toure ya fara ne da ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya na mutanen yankinsa, sannan ya kwashe salon yatsunsa ya mayar a kan jita, har faifansa na 1994 tare da Ry Cooder ya sami lambar Grammy. A Agadas ta Nijar, matasan Buzaye irin su Bombino sun sa jita mai lantarki ta yi magana da raujin gidansu, duniya kuma ta saurara. A ƙasar Hausa ta Nijeriya wannan gada ba ta ginu ba. Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, ya yi waƙoƙin Hausa da jita da ƙahoni a Kaduna, amma tushen kiɗansa na hailaif ne, ba daga gurmi ko kuntigi ya taso ba. Da masana'antar finafinan Hausa ta bunƙasa a Kano daga shekarun 1990, sai aka tsallake jita gaba ɗaya aka faɗa kan fiyano, wadda take fitar da ganga da sarewa da tsirkiya daga maɓalli, ba tare da an bukaci wanda ya shekara goma yana horar da yatsunsa ba. Waɗanda suka ɗauki kuntigi a bayan Ɗan Maraya kuwa, yawancinsu sun haɗa shi da ganga da 'yan amshi, wato sun sauke masa nauyin da ya sa ya zama abin da ya zama a hannunsa.

Wannan ya sa kasakasai da fayafayan da ya bari su ne kaɗai wurin da za a koyi yadda tsirkiya ɗaya take zama ƙungiya. Ɗaliban jaz sukan zauna su rubuta kiɗan Christian da na Montgomery sauti bayan sauti don su gane yadda aka gina shi. Ba lallai ne mu bi alamominsu ba, amma muna iya fara abin da ya fi sauƙi. A babi na biyar, inda za a feɗe Waƙar Karen Mota da Gulma-Wuya da Jawabin Aure ɗa bayan ɗa, an sa alama a duk inda murya ta tsaya kuntigi ya karɓa, an kuma nuna ko gurbin gajere ne ko dogo, da ko raujin ya maimaita siffar layin da ya gabata ko ya koma gindinsa.